Abin da aka ce kan fim ɗin mawaƙin rediyo na 1934

Jama'a, ga abin da na tattara daga bakin waɗanda suka riga suka kalla, don masu son kallon Twenty Million Sweethearts, fim ɗin Amurka da Dick Powell ya fito a matsayin mawaƙin rediyo.

1. Kusan kowa ya ce a sa abin sauraro a kunne. Fim mai magana bai samu karɓuwa ba sai 1927, don haka sautin bai da tsabta sosai.

2. A kunna rubutun da ke fitowa a ƙasan allo, don 'yan wasan suna magana kamar ana korarsu.

3. Kan waƙoƙin aka rabu. Wasu sun ce suna tsayar da labari, wasu kuma sun ce mu da muka tashi da fim ɗin Indiya ba mu da bakin ƙorafi. Ni dai ina bayan na biyun.

4. Ginger Rogers kuwa, jarumar fim ɗin, babu wanda ya kushe ta.