Sunan mai hoto a kan hotunan suna: in goge da waya ko in biya?

Uwar Biyu: Salamu alaikum jama'a. Mun yi suna a Aboabo nan Kumasi, mai hoto ya turo hotuna ta WhatsApp, kowanne da sunansa ɓaro-ɓaro a tsakiya, daidai kan leshin da na sa. Wai sai na cika masa sidi 300 zai ba ni waɗanda babu rubutu. Guda ɗaya tak nake so in wanke wa Hajiyarmu. Wayata Tecno ce. Zan iya gogewa da kaina? Akwai kuma ƙurji a goshina.

Ɗan Alabar: Clean Up na iPhone, shafa ɗaya an gama.

Mai Koko: Tecno fa ta ce. Kai ma naka ba zai yi ba, sai daga 15 Pro.

Mai Gyaran Waya Adum: Yaya, ƙurjin ba matsala. Sauke Snapseed, kyauta ne, ba ya buƙatar data wajen aiki. Buɗe Healing, abin goge tabo da ke cikinsa, ki faɗaɗa hoton sosai, ki taɓa wurin kaɗan. Rubutun ne aiki. Waya ba ta ganin abin da ke ƙarƙashinsa, daga gefe take kwafowa ta cike gurbin. A jikin bango sai ki rantse ba a taɓa ba, amma a kan leshi zanen zai dagule. Ga shi WhatsApp ya riga ya matse hoton, in aka wanke babba zai yi dishi-dishi.

Hajiya Tafo: 'Yata, ke gode wa Allah naki yana ɗaga waya. Auren 'yata na biya kuɗi cif tun kafin ranar. Yau gobe, yau gobe, ƙarshe ya ce katin kyamara ya lalace. Abin da ya rage mana waɗanda ya turo mu zaɓa ne, da sunansa a ƙirjin kowa. A ciki akwai hoton mahaifinta na ƙarshe, Allah ya jiƙansa. Jikana ya gwada Magic Eraser, rubutu ya tafi da rabin aikin babbar rigar, har gemu ya taɓa. Da na je shagonsa sai na tarar ana sayar da takalma, wai ya koma Accra. Na bar shi da Allah.

Mai Koko: Amin Hajiya. Amma 300 ta yi yawa, ni 150 na ba nawa, hotuna duka.

Ɗan Alabar: Wace shekara? A Asawase 500 aka karɓa a hannun yayana.

Kyamara Sana'a: Ni mai hoto ne. Mun sa rubutun ne saboda masu karɓar hoto su kashe waya. Gogewa cin haƙƙi ne. Ki roƙe shi ya sayar miki ɗayan, ya turo a matsayin fayil don kada ya matse.

Hajiya Tafo: Ku ne za ku yi mana wa'azin haƙƙi?

Mai Gyaran Waya Adum: Hajiya, a wannan dai gaskiyarsa ce.

Ɗan Alabar: Wanda ya san mai goge tumbi ya taimaka min.

Mai Koko: Tunda ga mai hoto a kusa, wa ya ce ku riƙa mayar da mu farare? Hotona na Sallah, ƙanwata sai da ta tambaya wace ce wannan.

Kyamara Sana'a: Ku ne kuke cewa a ƙara haske.

Uwar Biyu: Ƙurjin ya tafi, na gode. Ɗayan nawa ya kamata in taya?

Mai Koko: Haske muka ce, ba mu ce a cire mana hanci ba.