Kuɗin asusun al'ada: a zuba a bikin kamun kifi ko a ba masu sana'a?

Ɗan Kabi na Legas: Salamu alaikum. Tunda Baba Ma'aji ya ce gudummawar asusun al'ada ta kammala shigowa, ni ra'ayina ko sisi kada ya shiga bikin kamun kifi na Argungu. Biki yana da gwamnati, yana da kamfanoni masu talla. Mai saƙa homa, wato ragar kamun kifi ta hannu, da mai sassaƙa kwalekwale su ne ba su da kowa. A raba musu, a huta.

Hajiya Malama: Wa'alaikumus salam. Ƙanena, ka yi saurin yanke hukunci. Wa zai san Argungu a duniya in ba don bikin nan ba? Tun 1934 ake yinsa, shekarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya zo garin aka binne gabar Kabi da Sakkwato. A 2016 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin jerin al'adun duniya. Ka tambayi mai masa da ɗan kabu-kabu irin cinikin da suke yi a kwanakin nan huɗu.

Ɗan Kabi na Legas: Ai Yaya hujjata kika kawo. Abin da ya kai UNESCO ba ɗan asusunmu yake jira ba. In muka kai kuɗin can, hayar rumfa da kujeru za su cinye, manya su zauna a inuwa, masu shiga ruwa su koma gida da laka.

Auta: Ni fa ban gane ba. Unguwarmu tana fama da ruwan sha, ana maganar homa?

Baba Ma'aji: Auta, asusun ruwa da na makaranta daban suke, kuma ba ka biya naka ba tukuna. Wannan da sunan al'ada aka tara shi, amana ce, ba za mu karkatar ba.

Jikan Masunta: Iyayena da yayyena, a ba ni dama, gidanmu ne abin ya shafa. Bayan bikin 2009 ba a sake yi ba sai 2020. Yaron da ya ga na 2009 yana ɗan shekara goma, da gemu ya ga na gaba. To wa ya riƙe sana'ar a tsakani? Tsofaffin da ke ɗaukar yara zuwa gulbi ba tare da an biya su ba. Kwanciya a kan gora ba wasa ba ne. Sai ka san yadda za ka daidaita cikinka kada ta juye da kai, hannu biyu na riƙe da homa, ƙafa na tuƙi, ido na kan motsin ruwa. In giwan ruwa ya faɗo, ga shi da ƙarfin ƙato, dabarar zura masa igiya ta baki daban ce, ba a koyonta ranar biki. Kifin da ya ci gasar 2020 kilo 78 ne. Mutumin da ya fito da shi daga gulbin Matan Fada ba a rumfar manya ya koya ba.

Amma Yaya Ɗan Kabi, a nan zan rabu da ku. Kuɗi a hannu ba zai yi aiki ba. Kusan kowane masunci manomin shinkafa ne. Ka miƙa masa kuɗi lokacin noman rani, taki zai saya da man injin ban ruwa, kuma ban ga laifinsa ba, ni ma abin da zan yi ke nan. A sayi zare, a nemo manyan goruna tun da yara sun fara komawa jarka, a ce wa tsoho: ga yara biyar, kowane wata ga ladanka, ƙarshen rani mu zo mu ga homar da suka saƙa da hannunsu. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Ɗan Kabi na Legas: Na yarda da wannan. Amma wa zai zaɓi tsofaffin? Ranar da aka ji ana rubuta suna, har wanda bai iya iyo ba zai zama masunci.

Baba Ma'aji: Ruwa yana da shugabanni. Akwai Sarkin Ruwa, akwai Homa shugaban masunta, sun san kowane gida. Mu nemi shawararsu, mu kuma tura mutum biyu daga cikinmu su gani da ido.

Hajiya Malama: Duk maganarku ta maza ce. Masu saƙar faifai da tabarma fa, ba al'ada suke yi ba? Sannan ga gidan tarihi na Kanta a tsakiyar gari, ginin 1831, fadar sarki har 1942, ga makamai da tambura a ciki. Akwai ɗalibaina da ba su taɓa leƙawa ba. Kuɗin mota ne kawai.

Auta: Wannan kam na sa hannu. Ni ma ban taɓa shiga ba.

Hajiya Malama: Kuma ban janye ba. Yaron da ya koyi hawan gora, ina zai nuna? A ware wani abu na kyautar yara a kabanci, wato wasannin ruwa na bikin, ko tseren kwalekwale ko kamun agwagwa. In babu wurin nuna bajinta, rani ɗaya za su yi su watse.

Ɗan Kabi na Legas: Kin biyo ta bayan gida kin dawo da mu biki, Yaya.

Jikan Masunta: Gaskiyarta ce fa. Ni don a kira sunana a bakin Matan Fada na koya.

Ɗan Kabi na Legas: To in kyautar yara ce, mu za mu saya, mu miƙa da hannunmu. Rumfa da kujeru kam ban yarda ba.

Baba Ma'aji: Jikan Masunta, ka jiyo mana farashin zare da gora kafin Juma'a. Hajiya, ki kawo sunayen matan. Batun kyauta sai an kaɗa ƙuri'a, kuma wanda bai biya ba ba ya da ƙuri'a. Auta, da kai nake.