Karenmu na gadi ya tauni fulawa, yana ta amai

Mai tambaya: Assalamu alaikum, don Allah a taimaka min. Tun da ɓarayi suka haura mana katanga bara suka ɗauke batirin sola, maigida ya kawo kare don gadi. Da farko ban so ba, amma ni ke ba shi abinci har muka saba. Ina son fulawa, kuma kun san zafin Sakkwato, sai masu kaurin ganye ke jurewa, shi ya sa na jera alobera da kariya a tsakar gida. Da asuba na tarar ya kifar da tukwane biyu, yana amai, miyau na dalala, ko tuwo ya ƙi shinshinawa. Maigida yana Abuja. Yaya zan yi?

Kawu: Ɗiyata, kwantar da hankalinki. Ɗura mishi manja da madara, kahin azahar ya miƙe. Mun yi kiwon karnukan hwarauta, ba wanda ya taɓa ganin likita.

Hajiyar Arkilla: Ni karen maƙwabta ya hana mu barci, na yi magana an ce na cika fitina. Allah dai ya kyauta.

Ɗalibar likitancin dabbobi: Anti, wacce ya tauna a ciki? Alobera, ruwan rawayan da ke ƙarƙashin ɓawonta ne ke kawo amai da gudawa. Kariya ta fi haɗari nesa ba kusa ba, gubarta bugun zuciya take rikitawa, da ruwanta ake yin dafin kibiya. Kada ki ɗura masa komai, mai amai yana iya shaƙewa abin ya wuce huhu. Ki kai shi asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yanzu, ki riƙe guntun shukar.

Kawu: Yaran yanzu komi asibiti! Da aguwa muke shinge, karnuka na ratsawa kullum. In manja bai yi ba, ruwan gishiri, ya amayar da sauran.

Ɗalibar: Kawu, a yi haƙuri, gishiri da yawa shi kansa yana kashe kare. Aguwa ma farin ruwanta yana ƙona baki da ido.

Mai tambaya: Duka biyun suka faɗi, ban ga wacce ya ci ba. Wasu na cewa in zubar da fulawa in ɗaure karen, amma kariyar nan mahaifiyata ta ba ni, kuma ai ɗaure yake, igiya ya tsinke. Masu keke napep sun ƙi ɗaukar kare. Na ɗan ba shi madara, ya lasa ya kwanta.

Ɗalibar: Duba dasashinsa, ya yi fari?

Kawu: Kin gani, ya lasa. Ƙara mishi manja.