Me za mu kira centre d'écoute da Hausa?

'Yan uwa, ku taimaka mini da kalma. Ƙungiyar matan unguwarmu a Garwa, arewacin Kamaru, na son kai takarda ofishin magajin gari, a saka musu kuɗi cikin kasafin baɗi don buɗe abin da Faransanci ke kira centre d'écoute, wato inda macen da miji ke duka za ta je a saurare ta, a kai ta asibiti, a nuna mata hanyar shari'a. Takardar da Faransanci za ta tafi, amma ni aka ce in karanta wa iyayenmu mata da Hausa kafin su sa hannu. Nan na cije.

Da farko na ce "ɗakin saurare". Inna ta yi dariya, ta ce rediyo za a kunna musu?

Da na nemi shawara, wani malami daga Ngaundere ya rubuto: "Ɗana, ka ce gidan sulhu, kowa zai karɓa." Malam, Allah ya gafarta, ai karɓar nan ce nake tsoro. Suna yana jan aiki. In aka rubuta sulhu, kansiloli za su ba da kuɗin tabarma da shayi, a tara dattawa, a ce wa matar da aka doka ta yi haƙuri ta koma. Sulhu muna da shi tun kaka da kakanni, ba ya buƙatar kasafi. Abin da babu shi ne kuɗin babur zuwa asibiti, da na takardar likita da kotu ke nema, da albashin macen da za ta zauna ta ji, ta kuma riƙe sirri.

Yawancin matan da ake magana a kai masu karɓar tallafin talakawa ne na filets sociaux, wanda Bankin Duniya ke dafa wa. Na san wata da ranar biya ta ƙulle kuɗinta a bakin zane, ta ce na makarantar yara ne. Da dare muka jiyo kukanta ta katanga. Washegari ta fito ɗibar ruwa da mayafi rufe da rabin fuska, bakin zanen a kwance. Irin wannan ba ta da kuɗin motar zuwa gidan iyayenta, balle lauya.

Wani ya ce "gidan yaji". Ƙanena, wasa da zafi! Mai yaji biko take jira.

"Mafaka" ta fi kusa, sai dai a nan arewa da ka faɗe ta hankali zai tafi sansanin Minawawo da 'yan gudun hijira. Kuma ba kwana ake yi a centre d'écoute ba.

Sai wata yayarmu daga Marwa, wadda ta san aikin ALVF, ƙungiyar yaƙi da cin zarafin mata, inda Aissa Doumara ta yi suna har ta samu lambar yabo ta Simone Veil daga Faransa a 2019, ta ce: "Ƙanena, ka saurari yadda matan ke faɗa da bakinsu. Cewa suke, ina zan kai kukana? To ka ba su amsa: ɗakin kai kuka." Ta ƙara tuna mini cewa tun 2016 dokar laifuka ta Kamaru ta tanadi ɗauri ga wanda ya kori abokin aurensa daga gida ba dalili, ba ta hanyar shari'a ba, amma mace nawa ta taɓa jin haka da harshen da take ganewa?

Malam ya dawo ya ce kuka ai rauni ne. A'a Malam, wanda ya kai kuka wurin sarki ba hawaye ya kai ba, haƙƙinsa yake nema. Wata kuma ta tsokane mu: in magajin gari bai sa ko dala ba, an kai kuka gidan mutuwa kenan. Gaskiyarki Hajiya, shi ya sa muke bin kasafin, tunda dokar 2019 ta ƙananan hukumomi ta ɗora musu kula da marasa galihu.

Na ɗauki ta Yaya. Jiya na karanta wa Inna "ɗakin kai kuka", ba ta tambaye ni ma'ana ba, sai ta ce a tabbata ƙofarsa ba ta kallon titi. Yanzu saura na Fillanci, don rabin matan da za su zo da shi za su yi magana. Wa ke da shi?