Malamina ya kira ni in zauna a ajinsa zango guda, amma babu albashi

Malamar Faransanci: Assalamu alaikum malamai. Shekarata shida ina koyarwa, kuma duk abin da na iya a aji daga hannun mutum ɗaya na samo shi. Ranarmu ta farko da shi ya sa muka zauna a da'ira, kowa ya faɗi abin da ke ransa da harshensa, shi kuma yana tsaye a bayanmu yana raɗa mana Faransancin, mu maimaita ana ɗauka a rikoda. Sai daga baya na san hanyar Charles Curran ce, wani limamin coci a Amurka da ya ɗauko ta daga aikin Carl Rogers na sauraron masu damuwa. Yanzu malamin nawa ya yi ritaya, yana so in taya shi ajin manya zango guda. Makarantarmu ta yarda, amma hutu ne ba albashi, kuma shi ba ya ba da satifiket. Wanda ya taɓa ajiye aiki ya bi malaminsa, me ya dawo da shi?

Abu Hanan: Wa alaikumus salam. Malama, ki nemi kwas a intanet mai satifiket, ya fi miki.

Malamar Faransanci: Malam, ai ba takarda nake nema ba.

Tsohon Alli: 'Yata, ni na bi nawa shekara biyu. Mutum ne mai baki, in yana magana sai ka ji kamar duk koyarwarka ta baya zalunci ce. Ya raba ni da jan biro, ya ce fargaba ce ke tare harshe kafin ya shiga kan yaro, abin da Krashen, masanin koyon harshe, ma ya faɗa. Har gobe na yarda da wannan. Na koma ajina da zumuɗi, na ce kowa ya rubuta wasiƙa ga wanda yake kewa. Wata yarinya ta tashi karanta tata, ashe mahaifinta bai yi wata biyu da rasuwa ba. Ta fashe da kuka, ƙawayenta suka kama, ni kuwa na yi tsaye da alli a hannu na rasa ta cewa. Washegari kawunta ya zo ofis, aka ba ni takardar gargaɗi. Na buga wa malamin nawa waya, buɗar bakinsa sai ya ce ai wannan shi ne koyo na gaskiya. Shi ɗalibansa goma sha biyu ne, manya, da ƙafarsu suka zo. Darussan da na tsara masa kuwa, sai ganinsu na yi a takardun da yake rabawa, ko sunana babu.

Ummu Khalil: Allah sarki Baba, Allah ya saka maka. Amma tawa malamar abin da ta fara koya min shi ne ɗalibi yana da damar cewa a tsallake shi. Na zauna a bayan ajinta wata huɗu, a nan na koyi jiran amsa ba tare da na cike wa yaro jimla ba. Malama, ki je.

Ɗan Nahawu: Ni hanyar shiru ta Gattegno na gwada, wadda ya fitar a 1963, malami ya kame baki yana nuna sanduna masu launi. Kwana uku shugabanmu ya leƙo, ya ɗauka muryata ce ta dishe, ya aiko min da magani 😂

Abu Hanan: Sandunan Cuisenaire ke nan, asalinsu na lissafi ne. Tsada gare su, kusan rabin albashina na zuba.

Ummu Khalil: Rabin albashi? Malam, an cuce ka. Nawa bai kai kuɗin ƙamus ba.

Ɗan Nahawu: Ni kwali na yanka na shafa fenti. Ta Lozanov na Bulgeriya ma na gwada, mai kiɗa a hankali. Rabin aji barci suka yi.

Abu Hanan: Mu bar wasa. Digirina na biyu a kan wannan fanni ne, waɗannan hanyoyin duk a shekarun 1970 suka yi tashe, an wuce wurin.

Tsohon Alli: Yaro, shekarata ashirin da huɗu ina shaƙar ƙurar alli. Aji nawa ka riƙe?

Ummu Khalil: Baba, shekaru ba hujja ba ne, kai ma malami ɗaya ka bi.

Malam Shiru: Ku tsaya tukuna, wace da'ira ake magana? Ajina yara tamanin da uku, bencina a kafe da ƙusa. Ko juyawa ba sa iya yi.

Ɗan Nahawu: Ga sufeto kuma. Bai taɓa tambayata ko yara suna magana ba, littafin shirin darasi kawai yake buɗewa ya ƙirga sa hannu.

Malamar Faransanci: Don Allah malamai, ranar Litinin zan ba shugaba amsa.

Malam Shiru: Namu sufeton cewa ya yi ajina ya cika surutu. Darasin hira fa nake yi.