Neman Shawara Kan Ɗumama Irin Albasa Kafin Shuka

Assalamu alaikum, 'yan'uwa manoma da malaman gona. Ina noman albasa a Aliero, kuma irin da na ajiye tun bara ya yi rauni, kamar yadda irin albasa kan yi idan ya shekara. Na ji cewa ɗan ɗumi a na'urar ɗumama abinci yana ƙara wa iri ƙarfin tsiro, sai na gwada cokali biyu na sakan 30. Da na fito da shi yana ƙona yatsa, kuma bayan kwana 10 cikin jiƙaƙƙen tsumma ko ƙwaya ɗaya ba ta fasa ba, alhali wanda ban ɗumama ba ya ɗan tsiro. Don Allah, sakan nawa ya dace, kuma a bushe ake sa shi ko a jiƙe? Lokacin yafa iri ya matso, ga shi ba ni da wani.