Yaya ake tsara albashi da alawus a ƙungiya mai zaman kanta?

Sakataren_Ƙungiya:
Assalamu alaikum. Ƙungiyarmu tana nan cikin garin Sakkwato, tana da rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, ma'aikata 18 ne, ga 'yan sa-kai a Wurno, Goronyo da Illela. Masu tallafi biyu ke ba mu kuɗi, kowa da nasa kasafi, har ta kai jami'ai biyu masu aiki iri ɗaya albashinsu ya bambanta sosai. Kuɗin tafiya ma babu ƙa'ida, wanda ya fi baki shi ke samun mai tsoka. Kwamitin amintattu ya ce a kawo tsari a rubuce. Daga ina ake farawa?

Akanta_Mabera:
Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Tushen matsalarku shi ne albashi yana bin aljihun mai tallafi, alhali kujerar aiki ya kamata ya bi. Ku fara da rubuta aikin kowace kujera, sannan ku kasa su rukuni biyar: masu gadi da shara da direbobi, mataimakan jami'ai, jami'ai, manajojin shiri da na kuɗi, sai shugaban gudanarwa. Kowane rukuni a ba shi matakai biyar, tsakanin mataki da mataki kashi 5 cikin 100. Misali idan rukunin ƙasa ya fara da naira 70,000, mataki na biyu 73,500 ke nan, na uku 77,175. Tsakanin farkon rukuni da farkon na gaba da shi a bar tazarar kashi 25 ko fiye, in ba haka ba tsohon mataimaki zai wuce sabon jami'in da ke ba shi umarni, rigima ta dawo sabuwa.

Na ɗauki 70,000 ne don shi ne mafi ƙarancin albashi na ƙasa tun Yulin 2024. Dokar ba ta tilasta wa mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, amma ƙungiyar da ke wa'azin kare haƙƙin talaka ta biya mai gadinta ƙasa da haka, abin kunya ne.

Wurin da ƙananan ƙungiyoyi suka fi faɗawa rami shi ne abin da ke kan albashi. Tunda kun kai mutum 15, dokar fansho ta 2014 ta hau kanku: ƙungiya ta zuba kashi 10, a cire wa ma'aikaci kashi 8, ana lissafawa a kan ainihin albashi da kuɗin gida da na sufuri, a tura cikin ranakun aiki bakwai bayan biyan albashi. Akwai kashi 1 da ƙungiya ke biya wa NSITF, asusun diyyar ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki, akwai inshorar rai wadda za ta biya iyalan mamaci aƙalla ninki uku na albashin shekara. Jami'in da ke kan 200,000, idan duka kuɗin a waɗancan kasoshi uku suke, yana cin wa ƙungiya 222,000 a wata tun kafin a zo kan inshora, shi kuma a cire masa 16,000 na fansho. Wanda ya rubuta 200,000 kawai a kasafin da ya miƙa wa mai tallafi, daga baya zai rasa inda zai samo cikon. Harajin albashi kuma na hukumar tara kuɗin shiga ta jiha ne, a kai shi kafin 10 ga watan da ke biye. Yafe wa ƙungiyar agaji haraji bai shafi albashin ma'aikatanta ba.

Game da masu tallafi biyu: albashi ɗaya ne, sai a raba nauyinsa. Wanda ke ba shiri na farko kwana uku a mako, na biyu kwana biyu, a ɗora kashi 60 a can, 40 a nan, ya riƙa cike takardar lokutan aiki duk wata, shugabansa ya sa hannu.

Hajiya_ta_Ofis:
Malam Akanta ya gama da albashi, bari in taɓa alawus, don nan ne odita ke fara buɗe fayil. A raba kuɗin tafiya gida uku, kada a dunƙule. Kuɗin abinci da ƙananan buƙatu a yanke adadi ɗaya, ba ya buƙatar rasit. Kuɗin masauki sai da rasit, kuma da iyakar da ba a wucewa. Kuɗin mota a biya abin da aka kashe, in kuma motar ƙungiya ce, direba ya rubuta lambar kilomita a littafin mota lokacin fita da dawowa, a haɗa da rasit ɗin gidan mai.

Sai a fayyace mene ne tafiya. Zuwa Wamakko, Kware ko Bodinga a dawo kafin magariba ba kwana ba ne, rabin kuɗin abinci ya isa. Cikakken kuɗin kwana sai an kwana. Idan taro ya ciyar da mutum rana, a rage kason abincin rana. Teburin kuɗin ya zama hawa uku: ƙananan hukumomin jiha, jihohin maƙwabta irin Kebbi da Zamfara, sai Abuja da Legas. Kuɗin abinci kuwa ya zama ɗaya ga direba da shugaba, farantin shinkafa a Tambuwal bai san muƙami ba.

Kuɗin da aka ba mutum kafin tafiya bashi ne a kansa har sai ya kawo rasit da rahoto, a ba shi ranakun aiki biyar. Wanda bai kawo ba, kada a sake ba shi wani. A ƙauyen da ɗan acaba ba shi da rasit, a buga ƙaramar bauca, mai babur ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, a rubuta daga ina zuwa ina.

Tsohon_Odita:
Hajiya, na yarda da ke, sai dai wuri ɗaya. Adadin da aka kafe a takarda yana mutuwa da sauri. Tun cire tallafin mai a Mayun 2023 kowa ya ga haka. A rubuta cikin tsarin cewa za a duba kuɗin mota da masauki duk wata shida, a tura mutum tasha da otal uku ya kawo farashi a rubuce.

Abu biyu da ba a ambata ba. Amintattu ba sa cin albashi, dokar kamfanoni ta 2020 ta yarda ne a mayar musu da abin da suka kashe wajen hidimar ƙungiya, don haka “alawus ɗin zama” mai kauri duk wata zai jawo tambaya. Sannan ɗan sa-kai da ake ba adadi ɗaya duk wata, yana zuwa ofis kullum, yana da mai ba shi umarni, wanga ma'aikaci ne ko da wane suna aka kira shi. Ko dai a ba shi takardar ɗaukar aiki, ko a biya shi kuɗin mota da kati gwargwadon ranakun da ya fita.

Sakataren_Ƙungiya:
Allah ya saka da alheri. To wanda albashinsa na yanzu ya riga ya wuce matakin da zai faɗa fa, a rage masa?

Akanta_Mabera:
A'a, kada ku taɓa abin da ke cikin takardar ɗaukarsa ba da yardarsa ba. A tsayar da shi inda yake, ba ƙari, har teburin ya cim masa ko kwantiraginsa ya ƙare a sabunta bisa sabon tsari. Waɗanda ke ƙasa su za a fara ɗagawa, ko da kaɗan-kaɗan ne cikin shekara, gwargwadon abin da kasafin ya ɗauka.